Goldinrod mai ƙamshi, furen da ba ya son gata

A gabashin Amurka, daga New Hampshire har Florida, ta yamma kuma har Texas, akwai wani tsiron daji, goldinrod mai ƙamshi, da masana ke kira Solidago odora. Tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba. Daga watan Agusta zuwa Satumba yake fitar da ƙananan furanni ruwan ɗorawa, jere a gefe ɗaya na reshe. Amma darajarsa a ganye take. Ka ɗaga ganyen wajen rana, za ka ga ɗigo-ɗigo masu haske, nan ne man ƙamshin yake. Ka murza shi, ƙamshin yansun ya tashi. Bayan rikicin shayi na Boston a 1773, lokacin da Amurkawa suka ƙaurace wa shayin Ingila, yana cikin ganyayen da suka koma dafawa. Jihar Delaware ma ta ɗauke shi a matsayin ganyenta na hukuma a 1996.

Masu lambu da yawa na gudun dangin goldinrod, kuma suna da hujja, don na Kanada, Solidago canadensis, yaɗo yake da saiwa ta ƙarƙashin ƙasa har ya danne maƙwabta, ya kuma zama annoba a Turai da Sin. Mai ƙamshin kuwa inda aka ajiye shi nan yake zama, gindi ɗaya. Zargin sa atishawa da ake wa dangin, wannan kam ƙazafi ne. Garin furensu mai nauyi ne da danƙo, ƙwari ke ɗaukarsa. Mai laifin ita ce ciyawar ragwid, wadda ke fure a lokaci guda tana watsa nata a iska.

Wurin shuka ne aka fi yin kuskure, saboda tausayi. Jigawa yake so, busasshiya, mara ƙarfi, da rana sosai. Ka cika masa taki da ruwa, sai ya yi tsawon banza ya kwanta. Laka mai riƙe ruwa kuwa ruɓar da saiwa take. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, yafa su ake yi a saman ƙasa a ɗan danna, ba a rufewa, domin sai da haske suke tsirowa. Sanyi na taimaka musu, shi ya sa ake yafawa kafin hunturu, ko a ajiye su cikin damshin yashi a firji kamar wata biyu.

Idan ya kama, aikin da ya rage kaɗan ne. Kada a yi gaggawar yanke shi, domin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafin monak mai ƙaura zuwa Meziko na samun abinci a kansa daidai lokacin da sauran furanni suka fara ƙarewa.