"Ai gidana ne" ba hujjar ɗaye kwano ba ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, wata tsohuwar ɗabi'a kuma ta dawo. Mai gida ya ba ɗan haya mako guda ya tashi, in ya ƙi a cire ƙofa, a yanke wuta, wani ma a ɗaye kwanon rufi da tsakiyar damina. Hujjar kullum ɗaya ce: "Ai gidana ne."

Gidan nasa ne, babu musu. Amma ranar da ya karɓi kuɗin haya ya miƙa wa wani haƙƙin zama a ciki har wa'adi ya cika. Wanda ya ba da hayar gona ba ya zuwa ya tuge gero bayan ya fid da kai don kawai gonar tasa ce.

A Abuja da Legas, in babu yarjejeniyar da ta tsara wani abu daban, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan nan sai wata takardar ta kwana 7 da ke sanar da shi za a kai ƙara. Kotu ce ke ba da umarnin fitar da shi, ma'aikatanta ne ke aiwatarwa. Ba aikin 'yan sanda ba ne, ballantana 'yan daba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga mai fitar da ɗan haya da ƙarfi. Ko gwamnati ba ta tsira ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin sojan Legas kan fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu.

'Yan haya ma su daina ruɗin kansu: watanni shidan notis ba zaman kyauta ba ne, kotu za ta sa a biya kuɗinsu.

Abin takaici, yawancin hayarmu da baki ake ƙulla ta a gaban dillali, hukumomi kuma ba su damu da wayar da kan jama'a ba. Kowace jiha da tata dokar. Nemi ka san ta jiharka, a rubuta yarjejeniya a sa hannu, kada kuma ka biya ko sisi ba rasit.