Gurabe Huɗu da Ba a Cike Ba: Inshorar Ma'aikata da Masu Neman Haihuwa

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya taɓa yin rajistar inshorar lafiya ya san takardar nan. A sama zai rubuta sunansa da ma'aikatarsa da asibitin da ya zaɓa. Sai gurbin mata ko miji. Daga ƙasa kuma akwai gurabe huɗu na 'ya'yan cikinsa da ba su kai shekara 18 ba. Mai 'ya'ya bakwai yakan tsaya yana lissafin wa zai sa, wa zai bari. Amma a tebur na gaba akwai wadda ta shekara tara da aure. Ta cike sama, ta rubuta sunan maigidanta, da ta zo kan guraben nan huɗu sai ta ajiye biro, ta miƙa takardar a haka.

Kuɗin da ake zubawa a asusun inshora da sunanta daidai yake da na abokin aikinta da suke mataki ɗaya, domin da albashi ake lissafi, ba a duba yawan iyali. Asusun zai biya wa matar abokin aikin nata awon ciki da haihuwa, har da tiyata idan ta kama, kuma hakan daidai ne. Ita kuwa, larurar da ta hana ta barci shekara da shekaru, da zarar magani ya yi nisa sai a ce mata ba ya cikin tsari, ta nemo kuɗinta. Wannan giɓi ne da ya kamata a toshe, kuma ana iya toshe shi ba tare da an karya asusun ba.

Ciwo ne, kuma yana da magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki rashin haihuwa a matsayin cuta ta gaɓoɓin haihuwa na namiji ko na mace. Ma'auninta shi ne ma'aurata su shekara guda suna saduwa a kai a kai, ba sa amfani da wani abin hana ɗaukar ciki, amma shiru. A rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2023, ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yana gamuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ma tazarar kaɗan ce. Ke nan babu wata babbar ma'aikata a Abuja ko Kano ko Sakkwato da za a ce ba ta da masu wannan damuwa. Ba sa faɗa ne kawai.

A wannan yanki namu, babban abin da ke hana mace ɗaukar ciki shi ne toshewar hanyoyin nan biyu da ƙwai ke bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe su. Haka ƙwayoyin cuta da kan shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsafta. Shi ya sa ake yawan ganin macen da ta haifi ɗaya, daga nan shiru har shekara goma. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kududdufi da madatsun ruwa, ita ma tana iya taɓa mahaifa da hanyoyin ƙwai. Akwai kuma matan da ƙwansu ba ya fita kowane wata saboda rikicewar sinadaran jiki, akwai masu ƙari a mahaifa.

Namiji ma yana da nasa kaso, kuma ba ƙarami ba ne. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai matsala ta ɓangaren miji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙwayoyin maniyyi na iya yin kaɗan, ko su kasa motsi, ko a rasa su baki ɗaya. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, kumburin jijiyoyin maraina da ciwon sanyi duk suna jawo haka. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar maniyyinsa, gwaji ne kaɗai ke nunawa.

Dubi yadda gwajin yake. Namiji zai ƙaurace wa iyalinsa kwana biyu zuwa bakwai, a ba shi 'yar roba mai tsafta, ya kai maniyyinsa ɗakin gwaji cikin awa guda, a duba a madubin likita. Shi ke nan. Mace kuwa sai ta jira ta gama al'ada, ta kwanta a ɗakin hoto, a tura wani ruwa ta bakin mahaifarta, a ɗauki hoto a ga ko ruwan ya wuce ta hanyoyin ƙwai. Mata da yawa sun san ciwon marar da ke biyo baya. Duk da haka, a gidaje da yawa ita ce ke zarya asibiti shekara uku, maigida bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba. Ita ake tambaya a gidan suna, “Har yanzu shiru?” Ita ake yi wa laƙabi da juya, a kanta ake yanke shawarar ƙaro aure ko saki.

Inda inshorar ta tsaya

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma da ma'aikatan tarayya aka fara. Yadda aka tsara shi tun farko, gwamnati za ta zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashin ma'aikaci, shi kuma ya zuba kashi 5. Idan aka rubuta masa magani, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Katsina su ma sun kafa hukumominsu na taimakekeniyar lafiya.

Sai dai tun zamanin NHIS, ƙa'idojin aikin hukumar sun lissafa abubuwan da asusun ba ya biya ko kaɗan, kuma a cikinsu akwai sanya maniyyin miji a mahaifa ta hanyar likita da haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato abin da ake kira IVF. A jeri ɗaya suke da tiyatar kwalliya. Wanda ya taɓa zama da macen da hanyoyin ƙwanta biyu suka toshe ya san cewa abin da take nema ba ado ba ne.

IVF ba sabon abu ba ne. A ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a garin Oldham na Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 2010. A Najeriya, Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru sun fara aikin a Legas tun shekarun 1980, Dakta Ibrahim Wada kuma ya yi nasara a Abuja a 1998. Ana yi wa mace allurai na wajen kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna, a zaro su da siririyar allura, a haɗa da maniyyin mijinta, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da abin da ya ƙullu cikin mahaifarta. Ko ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, gwaji ɗaya cikin uku ne kusan yake kaiwa ga haihuwa, kuma da shekaru suka ƙaru rabon yana raguwa.

Ta fuskar addini ma malamai sun daɗe da yin bayani. Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawa a 1980, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ita ma ta yanke hukunci a zamanta na Amman a 1986: ya halatta, matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma da igiyar aure a tsakaninsu. Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa bin sababi ne da aka umarce mu da shi.

Abin da ya rage shi ne kuɗi. Zagaye ɗaya na IVF a Najeriya yau miliyoyin naira yake ci. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato naira 840,000 a shekara. Ƙaramin ma'aikaci ko da zai ajiye albashinsa na shekara guda bai ci bai sha ba, ba zai biya zagaye ɗaya ba. Sai a sayar da fili, a sayar da sarƙar aure, a ci bashin ƙungiyar ma'aikata. Wanda bai da abin sayarwa sai ya koma wajen masu saiwa da boka, kuɗi na tafiya kaɗan-kaɗan, shekarun matar su ma suna tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a 2024 binciken BBC ya bankaɗo masu damfarar mata a jihar Anambra, suna yi musu allurai cikinsu ya kumbura, a ce suna da juna biyu, daga ƙarshe a miƙo musu jaririn da ba nasu ba.

Yadda wasu suka yi

A Amurka, hukumar kula da ma'aikatan tarayya, OPM, wadda tsarin inshorarta ke ɗauke da mutum kusan miliyan 8, ta wajabta wa kamfanonin da ke cikin tsarin daga 2024 su biya kuɗin sanya maniyyi a mahaifa da kuɗin magungunan IVF har zagaye uku a shekara. Ba ta ɗauki nauyin komai a tashi ɗaya ba, da magunguna ta fara. Faransa tana biyan IVF har sau huɗu kafin mace ta cika shekara 43. Beljiyam kuwa tun 2003 take biyan zagaye shida, da sharaɗin a taƙaita yawan abin da ake mayarwa mahaifa. Da aka yi haka sai cikin tagwaye da 'yan uku ya ragu sosai, aka kuma rage kuɗin da ake kashewa wajen jinyar bakwaini. Kowace ƙasa iyaka ta sa, ta shekaru ko ta yawan zagaye, sannan asusun ya iya ɗauka.

Za a ce mu ba Faransa ba ne. Gaskiya ne. Mata na mutuwa wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, kuma alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya har yau gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Za a kuma ce ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna mace na haifar 'ya'ya biyar da ɗoriya ba haihuwa take nema ba. To amma 'ya'yan maƙwabciya ba sa share hawayen wadda ba ta da ko ɗaya, sai ma su ƙara mata jin kaɗaici. Kuma yawancin masu neman haihuwa ba IVF suke buƙata ba.

Daga ina za a fara

A fara da mai sauƙi. NHIA da hukumomin jihohi su rubuta ƙarara a jerin abin da suke biya cewa gwajin maniyyi, gwajin sinadaran jiki da hoton hanyoyin ƙwai haƙƙin ma'aikaci ne, kada a bar shi ga ra'ayin kamfanin inshorar da ke ba asibiti lambar izini. A sa sharaɗi ɗaya: miji da mata tare za su zo. Wannan sharaɗin kaɗai zai sauke wa mata da yawa laifin da ba nasu ba.

Mataki na biyu shi ne magunguna masu araha da ke sa ƙwai ya fita, irin su letrozole da clomiphene, da maganin yawan sinadarin nono, da tiyatar ƙari da ta jijiyoyin maraina. Da waɗannan kawai gidaje da yawa za su ji kukan jariri.

Mataki na uku shi ne IVF mai iyaka: zagaye ɗaya ko biyu, ga wanda ya daɗe a cikin tsarin kuma likita ya tabbatar babu wata hanya, ma'aikaci ya biya wani kaso, asusun ya biya saura. A yi shi a cibiyoyin da hukuma ta tantance, irin su Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin da suka riga suna yi, a kuma ƙarfafa asibitocin koyarwa na Arewa. Hukumar da ke sayen magani da aiki a dunƙule tana da bakin cinikin da mutum ɗaya ba shi da shi. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su sa wannan batu a teburin tattaunawa kamar yadda suke sa alawus, domin masu wannan larura kunya ba za ta bar su su ɗaga hannu a taro ba.

Inshora taimakekeniya ce, mai lafiya ya ɗauki marar lafiya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikaciyar nan da ta ajiye biro ta shekara tara ana zuba kasonta, da shi aka biya awon cikin matan abokan aikinta, ta je sunan 'ya'yansu da turmin atamfa a hannu, ta yi musu barka da zuciya ɗaya. Babu likitan da zai yi mata alƙawarin haihuwa, wannan na Allah ne. Abin da ke hannun mutane shi ne idan ta je asibiti da katinta, ita da maigidanta, a karɓe su a duba su kamar kowane marar lafiya. Allah ya ba masu nema zuriya mai albarka.