Kakakin Gwamnati Da Amanar Magana

Duk lokacin da wani babban shugaba a ƙasar nan ya yi tafiya waje kwanakin dawowarsa suka gota, ko kuwa wata masifa ta auka wa wani ƙauye aka kasa sanin adadin waɗanda ta rutsa da su, abu guda ne yake faruwa, har ya zama tamkar al'ada. Kafin hukuma ta buɗe baki, labari ya riga ya zagaye tashoshin mota da teburan masu shayi da wayoyin mutane ta fuska goma. Sa'an nan bayan kwana biyu ko uku kakakin gwamnati ya tara 'yan jarida, ya karanta musu takarda, ya ce babu abin damuwa, ya zargi maƙiya da yaɗa ƙarya, ya miƙe ba tare da ya saurari tambaya ba. Daga nan sai gardama ta kaure, waɗansu su ce mutanenmu ne ba su da tarbiyyar gaskata shugabanni, waɗansu su ce shugabannin ne ba su bar wa kowa hanyar gaskata su ba.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan gardama shi ne wata fahimta da ta kafu a zukatan masu mulki, har ma da waɗansu dattawa masu kyakkyawar niyya, wai ɓoye mummunan labari maslaha ce, domin in aka gaya wa talakawa gaskiya yadda take hankalinsu zai tashi, fitina ta ɓarke, alhali kuwa in aka lallaɓa su da kalmomi masu sanyi ƙura za ta lafa da kanta. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ba sai mun je wata ƙasa neman hujja ba, domin tarihinmu na kusa ya wadatar.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya tafi Jidda neman magani, kuma bayan 'yan kwanaki fadarsa ta sanar da cewa yana fama da kumburin tantanin da ke lulluɓe da zuciya. Wannan sanarwa ita ce kusan bayani na ƙarshe mai ma'ana da jama'a suka samu. Abin da ya biyo baya shi ne majalisar ministoci tana fitowa daga taro tana cewa shugaba yana da ikon gudanar da aikinsa, babban lauyan gwamnati yana cewa shugaba yana iya mulki daga ko'ina a duniya, tawaga bayan tawaga tana tafiya Saudiyya tana dawowa ba ta sa shi a ido ba. Da wa'adin Alƙalin Alƙalai Idris Kutigi ya cika a ƙarshen Disamba, aka rasa shugaban da zai rantsar da magajinsa, sai shi da kansa ya rantsar da Aloysius Katsina-Alu. A cikin wannan duhu kowane irin zance ya sami wurin zama, har da na cewa shugaban ya riga mu gidan gaskiya ana ɓoyewa.

Sai ranar 12 ga Janairu 2010, kwana 50 da tafiyarsa, mutane suka ji muryarsa, mai rauni da nauyi, a wata gajeriyar hira ta tarho da BBC. A lura da wannan da kyau: ƙasa mai gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, mai ma'aikatar yaɗa labarai guda, mai kakakin fada, ta ji muryar shugabanta ne daga Landan. Abin bai tsaya nan ba, domin ranar 9 ga Fabrairu, lokacin da Majalisar Tarayya ta fake da ƙa'idar larura ta mai da Mataimakin Shugaba Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba, wannan hirar ta rediyo ce ta ɗauka a madadin wasiƙar miƙa ragama da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata, saboda babu wata wasiƙa da ta iso gare ta. 'Yan kwanaki kafin haka ita kanta ministar yaɗa labarai, marigayiya Dora Akunyili, wadda aikinta ne ta isar da maganar gwamnati, ta gabatar wa abokan aikinta takarda tana neman a daina ɓoye-ɓoye a miƙa ragama. Ranar 24 ga Fabrairu aka dawo da shugaban Abuja cikin tsakar dare, sojoji sun tsare hanya, motar asibiti ta ɗauke shi daga gindin jirgi, kuma bai sake bayyana a bainar jama'a ba har Allah ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayu. To, ina kwanciyar hankalin da ɓoyewar ta haifar? Wata biyu da rabi aka yi ƙasa ba ta san wanda yake riƙe da ita ba, kuma mutumin da aka sani da sauƙin kai da gudun duniya aka bar sunansa yana yawo a bakin masu izgili.

Wani zai ce ciwo sirri ne, kuma addini da al'ada duk sun hore mu da suturta marar lafiya. Wannan magana gaskiya ce a kan mutum a gidansa, kuma ko shugaba yana da haƙƙin a sakaya abin da ke tsakaninsa da likitansa. Amma wanda ya ɗauki amanar al'umma ya hau wani matsayi dabam, domin lafiyarsa ta zama sharaɗi na aikin da ya yi rantsuwa a kansa, kuma abin da jama'a ke da haƙƙin sani a fili yake: yana iya aikin ko ba ya iyawa, wa yake riƙe da ragama a bayansa, kuma yaushe za a sake yi musu bayani. Bayan abin da ya faru an gyara sashe na 145, aka ce in shugaba ya yi kwana 21 bai aika da wasiƙa ba, Majalisa tana da ikon ɗora mataimakinsa. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya bi wannan ƙa'ida a 2017, ya miƙa mulki ga mataimakinsa Yemi Osinbajo kafin tafiye-tafiyensa biyu zuwa Landan, waɗanda suka haɗu suka zarce kwana 150. Doka ta gyaru ke nan, amma harshen hukuma bai gyaru ba: ana ta cewa shugaba lafiyarsa garau, sai da ya dawo a watan Maris ya faɗa da bakinsa cewa bai tuna ya taɓa yin ciwo irin wannan ba, har an yi masa ƙarin jini. Daga wannan giɓi ne tatsuniyar Jibrin ɗan Sudan ta tsiro, wai wani mai kama da shugaban ne yake mulki a madadinsa, ƙarya marar kai marar gindi, wadda duk da haka ta yi ƙarfin da sai da shugaban ƙasa ya tsaya gaban 'yan Najeriya a Poland a Disamba 2018 yana tabbatar musu cewa shi ne da kansa.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne albishir na ƙarya. Bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, hedkwatar tsaro ta sanar da cewa an kuɓutar da su duka in ban da takwas, iyaye da shugabar makarantar suka ce ba su ga kowa ba, aka janye maganar. Shekara huɗu bayan haka, da aka kwashe 'yan mata 110 daga Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, gwamnatin Yobe ta fitar da sanarwa cewa sojoji sun ceto waɗansu daga cikinsu. Iyaye suka kwana suna jiran ganin 'ya'yansu, washegari gwamna ya zo garin ya shaida musu cewa babu ko ɗaya da aka ceto, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi, matasa suka jefi ayarin motocinsa, gwamnati ta nemi gafara ta ce bayanin da aka ba ta ne ba shi da inganci. Wanda ya rubuta waccan sanarwa wataƙila nufinsa ya sanyaya zukata, amma uwar da aka ce mata 'yarta tana hanya, sa'an nan aka ce mata babu, an sace mata 'ya sau biyu ne.

Malaman hadisi sun gindaya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu kafin a karɓi maganarsa, adalci da kiyayewa, wato ya kasance ba ya ƙarya da gangan, kuma ba ya kwaɓa abin da ya ji. Wanda aka kama da ƙarya kuwa sukan watsar da ruwayarsa gaba ɗaya, har da abin da ya faɗa daidai. Talakan da bai taɓa zama gaban malami ba da wannan ma'auni yake auna hukuma. Dubi mai awon hatsi a kasuwa: ranar da wata mata ta juya mudunsa ta ga an doke gindinsa ciki, daga ranar ba ita kaɗai ya rasa ba, ya rasa kishiyarta da maƙwabtanta da duk wadda za ta haɗu da ita a gidan biki, ko ya sayo sabon mudu, ko ya cika ya yi toliya ya ƙara da gyara, za a ce akwai wata dabara a ciki. Mafi muni kuma, ranar da ya ga ana sayar da hatsin da aka zuba wa guba ya ɗaga murya yana gargaɗi, babu mai waiwayarsa. Haka hukuma take. Abin da ya faru a 2003, sa'ad da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano da waɗansu jihohi har kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yana da alaƙa da tabon da gwajin maganin kamfanin Pfizer a kan yara ya bari a Kano tun 1996. Allurar lafiyarta ƙalau, amma bakin da yake rantsuwa a kanta an riga an daina gaskata shi.

Domin kada a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasar nan, a tuna da Ebola. Cutar ta shigo Legas a Yuli 2014, kuma ita ma ta zo da tata jita-jitar, ta wanka da ruwan gishiri da shan sa, wadda ta tayar da gidaje cikin dare har ta jawo asarar rayuka. Amma ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, da hukumomin Legas suka riƙa fitowa a kai a kai suna faɗin adadin waɗanda suka kamu, da waɗanda suka rasu, da waɗanda ake sa wa ido, ko adadin ya yi daɗi ko bai yi ba. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka bi sawun kusan mutum 900, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Mutane sun tsorata ƙwarai, amma tsoron wanda ya san abin da yake gabansa ne, irin tsoron da yake sa a wanke hannu a kai marar lafiya asibiti.

Saboda haka taron manema labarai yana da rukunai, in babu su ya zama wa'azin biki. Wajibi ne a yi shi da wuri kuma a lokaci sananne. Wajibi ne mai magana ya rarrabe tsakanin abin da ya tabbata da abin da ake zato, ya iya cewa wannan ba mu sani ba tukuna, za mu dawo gobe. Wajibi ne a bar kowane ɗan jarida ya yi tambaya, har da wanda ba a so, a kuma bar shi ya sake tambaya in an kauce masa. In an yi kuskure, a gyara shi a wurin da aka yi shi, da muryar da aka yi shi. Akwai asirin tsaro na haƙiƙa, kamar inda sojoji za su bi gobe, kuma babu mai hankalin da zai nemi a tona shi. Amma adadin yaran da aka sace ko na mutanen da bam ya faɗa wa bisa kuskure ba asirin tsaro ba ne, danginsu sun riga sun ƙirga su. Dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a Mayu 2011 ta ba hukumomi kwana 7 su amsa wa mai tambaya, kuma sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayanin ayyukanta. Ashe ke nan bayani bashi ne a wuyan hukuma.

Mu ma da namu kason. Ɗan jaridar da ya je taro idonsa yana kan ambulan ɗin da za a raba a ƙarshe ya sayar da tambayarsa tun kafin ya zauna, kuma wanda ya tura wa mutum ɗari saƙon murya a WhatsApp bai san wanda ya yi shi ba, bai kuɓuta daga alhaki ba don hukuma ta yi shiru, domin umarnin bincika labari kafin a ɗauke shi ya hau kan kowa. Malaman tarihi sun kawo cewa an taɓa tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari aka tambaye shi inda ya sami yadin da ya ishe shi riga alhali kowa ƙyalle guda ya samu, bai ce a kama mai tambaya ba, sai ya sa ɗansa Abdullahi ya tashi ya shaida cewa nasa rabon ne ya ƙara masa. Wannan ba ta rage masa kwarjini ba ko kaɗan.

Kirana ga masu magana da yawun gwamnatoci, na tarayya da na jihohi, shi ne su ji tsoron Allah a kan harsunansu, su sani cewa albashinsu daga dukiyar talakawa yake fita, kuma talakawan ne suka fi cancanta da gaskiyarsu. Ku faɗi abin da kuka sani, ku yarda da abin da ba ku sani ba, ku tsaya a yi muku tambaya. Gwamnatin da ta saba wa jama'arta da gaskiya a ranar ɗaci ita ce za a gaskata ranar da take buƙatar a gaskata ta.