Faɗakarwa Ga Matasa Masu Zuwa Ganawar Neman Aiki

Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse hedkwata, alƙiblar mai neman aikin gwamnati daga Birnin Kudu da Gwaram ta juya zuwa can. Kuma da yake makarantu sun yawaita, har aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, masu takardun shaida sun rinjayi guraben aiki nesa ba kusa ba, ta yadda duk sa'ad da aka yi shelar ɗaukar malamai, irin ta shirin J-Teach, ko ɗaukar ma'aikatan lafiya, sai ka ga matasa sun yi cincirindo, kowa da ambulan a hammata. Mafi yawansu sun san jarrabawar alƙalami, amma ganawar baki da baki, wadda jama'a ke kira intabiyu, nan ne ƙafar da yawa take zamewa.

Farkon wajibi shi ne gyaran takardu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda sunansa ya fito Muhammad a takardar sakandare, ya koma Muhammadu a katin NIN, ko wanda shekarar haihuwarsa ta saɓa tsakanin takardar firamare da ta rantsuwar kotu, ya sani cewa ana iya sallamarsa tun daga bakin ƙofa, alhali bai furta kalma ɗaya ba. Ya tanadi takardun asali tare da kwafinsu, da shaidar zama ɗan ƙaramar hukumarsa, da ta kammala bautar ƙasa idan ta hau kansa. Malami ya riƙe rajistarsa ta TRCN, ma'aikaciyar jinya ta tabbata lasisinta bai ƙare ba. Mutumin Basirka ko Sara da aka kira Dutse da safe, gwamma ya kwana a can wajen ɗan'uwa da ya dogara ga motar haya wadda ba ta tashi sai ta cika.

Amma illar da ta fi damuna, wadda kuma ba a cika faɗinta ba, ta samo asali ne daga kyakkyawar tarbiyyarmu. An rene mu a kan kunya da kawaici: yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya a gabansa, ba ya yabon kansa. Wannan ɗabi'a abin alfahari ce a zauren mahaifi da gaban malamin zaure. Sai dai idan saurayi ya zauna gaban kwamitin mutum huɗu ko biyar, aka ce ya bayyana ko shi wane ne da abin da ya iya, ya sunkuyar da kai yana amsawa ciki-ciki, su ba za su rubuta masa ladabi ba, rashin sani za su rubuta. Ga mu kuwa da hujja a ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci tsaron amana da sanin aiki da yake da su. Malamai sun ciro daga nan halaccin mutum ya faɗi cancantarsa idan gaskiya ce kuma buƙata ta kama. Saboda haka ka yi sallama, ka jira a ba ka izinin zama, sa'an nan ka ɗaga kai ka yi magana da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. Idan ba ka fahimci tambaya ba, ka roƙi a maimaita. Idan ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, domin dattawan da suka shekara suna wannan aiki ba sa rasa gane kame-kame.

Tun da da Turanci ake yawancin ganawar, kuma harshe yakan yi nauyi ga wanda ya daɗe bai motsa shi ba, yana da kyau ka sami wani tsohon ma'aikaci a unguwarku ya riƙa yi maka tambayoyi kana amsawa a bayyane. Ka san aikin hukumar da kake nema, ka san jiharka mai ƙananan hukumomi 27, mai neman koyarwa kuma ya shirya tsayawa gaban allo ya ba da darasi nan take. Kaftani mai tsabta da hula, ko hijabi mai kamala, sun wadatar; waya kuma a kashe ta.

Saura maganar dillalan aiki, masu cewa sun san wani babba a Dutse ko Abuja, a kawo kuɗi a karɓi takardar kama aiki ba tare da an sha wahalar ganawa ba. Cinikin gurabe ya yi ƙamari har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Rashawa ce, haramun ce ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma sau da yawa takardar ta jabu ce, ba ta bayyana sai ranar tantance ma'aikata, bayan an riga an rabu da dukiya. Ina roƙon iyaye a Birnin Kudu da Gwaram, kada ku sayar da gona ko saniya domin saya wa ɗa aiki. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku da wannan suna, ku kai ƙararsa ga hukumar ICPC ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.