Yadda ake gano zaiba ko da ido bai ganta ba

Yau zan yi magana ne kan zaiba, wannan ƙarfe mai kama da ruwa da masu haƙar zinare ke amfani da shi, wanda kuma ake samu a wasu mayukan bilicin.

Matsalar zaiba ita ce kaɗan ma illa ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, har da jaririn da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce mikrogiram 6 a litar ruwan sha. Giram ɗaya fa ka raba gida miliyan, ka ɗauki shida. To ta yaya ake auna wannan?

Hanyar da aka fi sani ta bazu ne tun 1968. Da farko ana narkar da samfurin, kifi ne ko ƙasa ko man shafawa, a cikin asid mai ƙarfi. Sai a zuba wani sinadari da ake yi daga kuza, ya mayar da zaibar ainihin siffarta. Ita kuwa ba ta buƙatar wuta kafin ta zama tururi, iska kawai za a hura ta kwashe ta zuwa wani bututun gilashi. A nan ake haska mata haske mai tsawon zango nanomita 253.7, wanda take shanyewa. Iya hasken da ya ragu, iya yawan zaibar.

Idan ta yi ƙaranci sosai, sai a bi da tururin ta kan zinare. Zaiba ta manne masa, ta taru, sannan a zafafa shi ya sake ta gaba ɗaya. Kun ga abin mamaki ko? Mai haƙa yana kama zinare da zaiba, masani yana kama zaiba da zinare.

Amma na'ura ba ta gyara sakaci. Kwalba mai datti ko ƙura kan ɓata sakamako, shi ya sa ake gwada ruwa tsantsa tare da samfurin. Kuma kowane gwaji da amfaninsa: gashi na nuna zaibar da aka ci a kifi, fitsari na nuna wadda aka shaƙa.

Don haka in kana aikin ƙona zaiba, gwajin fitsari za ka nema. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.