Dutsen Da Ke Sanin Lokacin Da Aikinsa Ya Ƙare

A farkon shekarun 1930, kamfanin motoci na Chrysler a Amurka ya shiga wata damuwa. Sababbin motoci na barin masana'anta lafiya lau, a loda su a jirgin ƙasa, amma kafin su isa hannun mai saye sai boris ɗin ƙafafunsu ya fara ƙara. Da aka bincika, sai aka gano cewa injin wasa ƙarfe, saboda zafin da yake haifarwa, yana barin wata siririyar fata mai rauni a saman ƙarfen. Jijjigar jirgi ce ke lotsa ta. Daga nan, a 1934, kamfanin ya ɓullo da dabarar goge wannan fata cikin sanyi.

Ƙarfen da ido ke gani sumul, in aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, kunya-kunya yake kamar gonar da aka yi wa huɗa. Kawunan kunyoyin nan su ne ke cin boris da roba, su sa mai ya riƙa yoyo.

Abin daɗin wannan dabara shi ne, ba sai an sayi ƙaton inji ba. Ƙaramar na'ura ce ake ɗaurawa a kan injin sassaƙar ƙarfe mai juyawa, daidai inda ake kafa wuƙarsa. Tana riƙe da wani lallausan dutse, tana danna shi kaɗan a jikin sandar ƙarfen. Sandar na juyawa a hankali, dutsen kuma na kai da komo gefe da gefe, da sauri, tazarar 'yan milimita kawai. Ana kwarara mai marar kauri, galibi haɗe da kananzir, yana wanke ɓurɓushi yana hana zafi. Abin da ake cirewa duka bai kai kaurin silin gashi ba.

A nan gwanintar take. Da farko dutsen na taɓa kawunan kunyoyin ne kaɗai, yana cin su da sauri. Suna lafawa sai man ya shimfiɗu tsakanin dutse da ƙarfe, ya ɗaga dutsen, cin ya tsaya da kansa. Sai a bar siraran zane-zane masu gilma juna, waɗanda ke riƙe mai idan ƙarfen ya fara aiki.

Dabarar ba ta miƙe sandar da ta lanƙwashe, ba ta kuma cike rami mai zurfi. Amma ga mai gyaran kiranshaf ko sandar haidirolik ta tifa, ta fi gugar samfefa da hannu nesa ba kusa ba.