3.4 Shirya Yaran Fatake Kafin Tura Su Jamhuriyar Nijar

A wannan sashe za a dubi yadda fataken dabbobi na ƙasar Gumel suke shirya yaransu kafin su tura su sayayya a Jamhuriyar Nijar. Abin da ake nufi da yaro a nan shi ne ma'aikacin da ke ƙarƙashin ubangida, ko da kuwa magidanci ne. Irin waɗannan yara su ne ke shiga kasuwannin Dungas da Magarya da Damagaram, su sayo dabbobin da ake kawowa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Harshe ba ya zama cikas, domin Hausa ake yi a ɓangarorin biyu. Wannan ne ma ke sa wasu su ɗauka ba a buƙatar wani shiri, alhali akwai. Abu na farko da ake koya wa yaro shi ne lissafin sefa. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, wato sefa biyar, saboda haka idan dillali ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Yaron da bai iya wannan ba yana iya karya jarin ubangidansa a ciniki ɗaya. Haka kuma canji ba ya tsayawa wuri guda. Alal misali, a watan Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi.

Baya ga lissafi, ba a tura sabon yaro shi kaɗai. Yakan bi wani tsohon hannu, wanda zai gabatar da shi ga fatoma. Fatoma shi ne mai masauki, shi ke tsaya masa wajen ciniki, shi ne kuma ke shiga tsakani idan ya sami matsala da jandarmomi ko jami'an kwastan.

A ganin mai wannan nazari, inda tsarin ya fi rauni shi ne lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Tun da babu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin yaro da ubangida, guzurin yaron da rufewar ta rutsa da shi, da cefanen iyalin da ya bari a Gagarawa ko Sule Tankarkar, duk sun dogara ne ga halin ubangidan.